Tekun da Na Gani ta Tagar Mota

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali? Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan Greensboro lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma ƙaninki ne sila.

Shekara guda ina kitso ina tara kuɗi don mu kai yara bakin teku. Na zaunar da Baban Amira muka duba masauki. Otal mai kallon ruwa ya fi ƙarfinmu. Mai arha kuma can bayan gari yake, ɗaki kamar akurki. Muka tsaya a kan na tsakiya: kwana uku kusa da ruwa, mu ci abinci a waje, in huta da girki.

Ranar Juma'a ƙaninki ya haɗu da wani Alhaji Isuhu a masallaci, ya ba shi labarin tafiyarmu, har ya ce masa, "Bismillah, ku zo mu je mana." Wai tayi ne kawai irin na gida. Washegari Alhaji ya bugo waya: shi da matarsa da yara huɗu sun shirya! Ko sisi bai fitar ba, tunda mu muka gayyace shi.

Dole muka koma mai arha, ɗaki biyu. Na sayi buhun shinkafa, na ɗauki tukunyar lantarki. Kwana uku ina ciyar da mutum goma. Tekun kuwa, ta tagar mota na hango shi ranar dawowa. Da na yi magana, ƙaninki cewa ya yi, "Ai lada kika samu."

Don Allah ki ja masa kunne, maganarki yake ji. A gaida Inna da yara, a taya ni addu'a Allah ya sanyaya zuciyata. In ya sake wannan tayin, wallahi shi zai nemi ladan a gaban tukunya.

Taki,
Maman Amira