Allon da Aka Kafa a Mashigar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya sa ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna ta warke, Auta kuma ta ci jarrabawarta.

Ka san shekara biyu ke nan ina kai ɗalibaina kogi muna ɗibar ruwa a kwalabe, mu gwada a makaranta. Baba ne ma yake tuƙa mu a kwalekwalensa, yana tsokanar yaran wai bai taɓa ganin masuntan da ruwa kawai suke kamawa ba. Da gwamnati ta fito da sabon tsarin tace ruwan masai kafin ya shiga kogi, ta nemi duk mai sakamakon gwaji ya kawo. Na kwashi namu na kai da murnata. Ban tuna ba cewa a kan kowane shafi yara sun rubuta "mashigar Baban Malam", domin nan kaɗai muke ɗiba.

Ranar Talata ma'aikata suka kafa allo daidai inda yake ɗaure kwalekwale, cewa an hana kamun kifi daga nan har gada sai an gama gina matatar ruwan. Shugabansu ya ce shekara uku za a yi, in kayan aiki sun iso. Ya gode mini a gaban Baba, wai da irina ake gyara ƙasa.

Yaya, gwajin daidai ne. Bututun masai na unguwar sama nan yake zubowa, kuma kifin wurin muka ci muka girma. Na jira in ji baƙin ciki, ko in ji na kyauta, ban ji ko ɗaya ba. Ina shiga aji, in koyar, in fito.

Baba bai yi faɗa ba. Ya wanke taru, ya shanya, ya naɗe. Jiya na roƙe shi gafara, sai ya tambaye ni ko da gaske ruwan zai gyaru. Na ce in sha Allahu, nan da shekara uku. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "To, madalla. Ku za ku gani."

Don Allah ka rubuto masa. Ka gaida Gwaggo da Kawu, da maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ku.

Wassalam,
Ƙaninka