Abin da Na Faɗa a Gaban Dorinel

Zuwa ga 'yata Rodica,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Turin. Allah Ya ƙara miki juriya, Ya sassauta miki ciwon bayan nan, don ɗaga mutum daga gado zuwa kujera kullum ba wasa ba ne. Mu nan lafiya lau. Babanki yana nan da tarinsa da taurin kansa. Likita ya hana shi taba, shi kuma ya koma sha a bayan akurkin kaji, wai a ganinsa ba ni da hanci. Mun kwashe masara kafin ruwa ya sauko, na kuma jera kwalaben tumatir da kabeji na hunturu. Ɗanki Dorinel yana ci yana sha, ya yi tsawo har wandon da kika aiko ya tsaya masa a ƙwauri. Maganarsa ce ta sa na ɗauki biro, don duk sanda kika tambaye ni a waya sai in yi ta kewaye-kewaye.

Kin san abin da muka sa a gaba. In kwamitin likitoci na birni ya rubuta cewa lalurar yaron nan mai tsanani ce, hukuma za ta riƙa biyanki albashi ki zauna ki kula da shi, ki bar aikatau a ƙasar mutane ki dawo gida. Na ce miki an ɗaga zaman farko. Ƙarya na yi miki, Rodica. An yi zaman tun bazara, kuma ni na ɓata shi da bakina.

Ranar na yi masa wanka, na sa masa farar rigarsa ta Ista, na kwantar masa da gashi da ruwa, na ɗaura masa sabon jan zare a hannu saboda kambun baka. Kin san shi, ba ya haɗa magana tasa ta kansa, amma abin da ya ji ya riƙe shi ke nan kamar rediyo. To sai na yi ta koya masa gaisuwar manya, ya ce "na sumbaci hannunki". Muna shiga kuwa ya faɗa tsaf, har likitar ta yi murmushi, ni kuma kaina ya kumbura. Ta tambaye ni ko yana cin abinci da kansa, na ce sosai ma. Barci fa? Na ce sai an tashe shi. Da ta ce ko yana buga kansa da bango, sai na tofar da yawu sau uku na ce Allah Ya kiyaye. Kin san gidan da kika tashi, ba a faɗin aibin ɗa a gaban baƙo. Haka uwata ta koya min, kuma bakina ya riga tunanina. Matar nan ta rubuta abin da na gaya mata, takarda ta fito wai lalurarsa matsakaiciya ce, babu maganar mai kula.

Da na nuna wa maƙwabciyarmu Profira, sai ta riƙe haɓa ta ce wai neman aure na kai shi ne, ko kuwa kaina ne ba ɗaya ba? Ta ce can ba wurin rufin asiri ba ne, kowa da mafi munin ranarsa yake zuwa. Na ji haushinta ƙwarai, har na daina aika mata ƙwai, amma gaskiya ta faɗa. Babanki bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi to sai in gaya wa yarinya ta ƙara shekara a can. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Muka ɗaukaka ƙara, aka sake kiranmu watan jiya. Wannan karon na kai shi yadda ya tashi, da rigar nan da ya tauna wuyanta, ba taje kai, ba zare. Ya samu wuri a ƙasan taga yana juya murfin kwalba. Likitan da muka tarar, wani dattijo mai hankali, har ya ce ko Babanki, da ya raka mu, zai fita da shi waje kafin mu yi magana. Ni da bakina na ce a bar shi, ai ba ya gane komai. Wayyo, Rodica! Daga nan na buɗe baki na zazzage duk abin da na yi shekaru ina ɓoye wa 'yan coci. Na ce yana fitsarin kwance, yana cizo, na naɗe hannun riga na nuna tabo. Na ce ba a juya masa baya ko na ƙiftawar ido, ya taɓa fita titi tsirara. Ina cikin faɗa kuka ya ƙwace min, na ce ya fi ƙarfina, na gaji da shi. Ban shirya wannan ba, kuma ban iya rantse miki cewa ƙarya ce a lokacin ba. Takarda ta iso shekaranjiya. Sun rubuta mai tsanani, da mai kula. Kina iya sallamar mutanenki ki taho.

Da na so in tsaya a nan, amma da sauran magana. A motar dawowa, tana cike da mutanen ƙauyenmu, yaron nan ya jingina da kafaɗata, ya ce da muryata sak, har da yadda nake jan numfashi, "Yana fitsarin kwance. Na gaji da shi." Kowa ya juya ya kalli taga. Tun ranar bai daina ba. Yana faɗa in yana watsa wa kaji masara, ya faɗa a coci ana tsakiyar addu'a. Abin da ke kashe ni shi ne in ya zo ya ɗora kansa a cinyata, inda da yake cewa "yaron Kaka", yanzu wannan yake faɗa, yana murmushi. Ban san iyakar abin da ya gane ba, kuma ban ƙara yarda in ce ba ya ganewa ba. Kullum ina maimaita masa cewa Dorinel yaron kirki ne, Kaka tana son Dorinel, har muryata ta dishe, amma har yau bai ɗauka ba.

Shi ya sa na rubuto tun kafin ki iso. In ya tare ki a ƙofa da wannan magana, kada ki zargi yaran unguwa ko malamarsa. A bakina ya ji. Ki yi min faɗa yadda kika ga dama, na cancanta, amma ki zo kafin Kirsimeti, wataƙila muryarki ta goge tawa.

Babanki yana gaishe ki, ya ce zai yanka zakaran nan mai faɗa ranar da kika sauka. Ƙanenki Ghita da matarsa Lenuta suna gaisuwa, haka Profira, mun shirya da ita. Ki gaida 'yar gwaggonki Ortansa, ki ce mun ga saƙo. Yanzun nan na tambayi Dorinel me zan rubuta wa Mama. Ya ɗago ya ce, "Na sumbaci hannunki." Har na fara murna, sai ya ƙara da ɗayar. Na yi alkawari na daina gyara masa magana a gaban kowa, don haka ki karɓi duka biyun yadda ya faɗe su.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki, Aglaia