Yadda Ulf Ya Ƙone Fim ɗin Mama

Berlin ta Yamma, 14 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga Yaya Detlef,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gudrun da yara. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taka sauƙi. Mu ma lafiya lau, kasuwar tsofaffin kaya tana nan yadda ka san ta, a taɓa ba a saya.

Albishirinka, gidanmu ya yi gwani. Autanmu Ulf, wanda bai taɓa riƙe aiki wata uku ba, yanzu a unguwar Kreuzberg ba a ambatar sunansa sai an rage murya. Shekara ashirin ina sayar wa mutane agogon da ba ya tafiya, amma ban taɓa iya tara mutum sittin su zauna kan akwatunan giya suna kallon bango ba. Shi ya iya.

Ka rubuto in aiko maka da fim ɗin Mama, wanda Baba ya ɗauka tana shanya a bayan gida, don jikokinka su ga fuskarta. Ka san irin wannan fim ba shi da na biyu, wanda ya shiga kyamara shi ake haskawa. Watan jiya Ulf ya zo rumfata, wai Yaya Irmi, in ara masa ya goge mini shi tas. Ni da nake gane ɓarawo tun daga tafiyarsa, na ɗauka na miƙa masa.

Ranar Lahadi da la'asar ya gayyace ni wasansu, a ƙarƙashin wani gidan burodi da aka rufe. Aka kashe fitilu, sai ga Mama a bango da rigarta mai ɗigo-ɗigo, tana dariya tana korar Baba da hannu. Ulf ya tsayar da injin haska fim ɗin, ya bar fitilarsa a kunne. Zafi ya kama hoton. Fuskarta ta yi kumfa, ta yi baƙi, ta huje daga tsakiya. Ya ɗan matsar da fim ɗin gaba, ta dawo, ya sake tsayarwa. Haka suke yi, ashe, kuma ba mai motsi sai an gama.

Na miƙe ina ihu, na ce masa ɗan banza, uwarka ce fa. Wani mai askakken kai, kyamara a ido, ya roƙe ni cikin ladabi wai Inna ta ɗan juyo wajen haske. Sun zaci ina cikin wasan. Suka yi mini tafi. Wata har tana tambayata a ina na koyi kuka haka.

Da aka watse, Ulf ya ce Mama ta shekara tara a gwangwanin fim ba wanda ya leƙa ta, yau mutum sittin sun gan ta. Abin haushin, Yaya, ni ma tun jana'iza ban buɗe shi ba. Abin da ya saura bai kai kamu ɗaya ba, igiyar shanya ce da gwiwar hannunta.

Ka gaida Gudrun, da Maike da mijinta, da ƙananan. Goggo Waltraud tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna.

Mai askakken kan nan ya ce zai ba ni nasa fim ɗin. Ina gaba ina zage-zage, Mama tana bayana tana ƙonewa, amma ana ganin fuskarta sarai. Shi zan aiko wa jikokin naka?

Ƙanwarka,
Irmtraud