Kakarmu Marta ba 'yar Sifaniya ba ce

Solveig, don Allah ki taimake ni. Na janyo wa kaina magana, kuma saura 'yan makonni ta fashe a gaban dangina kaf.

Shekaruna hamsin da ɗoriya, ina aiki a wani kantin magani a Reykjavik, amma asalinmu mutanen gabas ne, wani ɗan ƙauyen masunta da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa an gama gane ni. Kin dai san halinmu a Iceland. Mutum zai manta inda ya ajiye mukullin motarsa, amma ya lissafo miki kakanninsa tun daga na farko da ya sauka a tsibirin nan. A gidanmu mai wannan aiki ita ce Inna Begga, yayar mahaifiyata. Ta haura tamanin, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ita ce uwarmu.

Duk abin da Inna Begga take alfahari da shi a duniya ya rataya ne a kan mace ɗaya, kakar kakanninmu Marta. Labarin da muka tashi da shi shi ne, Marta 'yar wani kyaftin ce ɗan Sifaniya. Jirginsu ya fashe a kan duwatsu, igiyar ruwa ta jefo ta gaɓa, wani masunci ya tsince ta, daga baya ya aure ta. Wai daga wurinta muka gaji nannaɗaɗɗen gashi da saurin fushi. Har yau ba a rasa mai suna Marta a kowane zubi na zuriyarmu. Inna Begga ta koyi Sifaniyanci da tsufanta. Duk lokacin sanyi sai ta tafi tsibirin Tenerife na Sifaniya, in za ta tafi kuma cewa take yi za ta leƙa gida. A taron dangi da muke yi a ƙauye da bazara, takan yafa baƙin mayafin leshi, ta dafa mana shinkafar Sifaniya da kifinmu na nan. Shinkafar ba ta taɓa nuna ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mata.

To, 'yata ce ta saya mini gwajin nan na gano asali, wanda ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika. Na tofa ina dariya, har ina cewa zan sa sakamakon a gilashi in kai wa Inna Begga. Da ya fito, babu Sifaniya ko ƙwaya. Layin da ya biyo ta uwa, daga uwa zuwa 'ya har ya kai ga Marta, Afirka ta Yamma ya nuna. Na ce ai sun haɗa yawuna da na wata ne.

Ina cikin haka sai ga saƙo daga wata mata mai suna Verna, tsohuwar ungozoma a tsibirin St. Croix na yankin Karibiyan, can inda 'yan Denmak suka yi gonakin rake da bayi. Ita ma ta yi gwajin, ya nuna uwa ɗaya muka fito. Ta ce a gidansu akwai labarin wata yarinya Martha da ubangijinsu ya ba wani ɗan kasuwa don ta yi masa renon yara, aka hau da ita jirgi zuwa ƙasar ƙanƙara, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Verna jikar jikokin yayar yarinyar ce. Ta ce su ma har yau ba sa rasa Martha a gidansu. Da na karanta wannan, kujera na nema na zauna a bayan kantar shagonmu, ga mutane sun yi layi suna jiran magani.

Na bi diddigi a ma'ajiyar tarihi, maganar Verna ta tsaya da ƙafarta. Babu wani jirgi da ya fashe. Marta ta zo ƙauyenmu ne tare da iyalin wani ɗan kasuwa ɗan Denmak, ba ta fi shekara goma ba. Bayan shekaru, da suka tashi komawa, suka bar ta. Ta auri masuncin, wannan kam gaskiya ne. Sai dai 'yarta ta fari, wadda mu muka fito daga tsatsonta, an haife ta ne tun Marta tana gidan ɗan kasuwar, kuma ba a ambaci uba ba. Kin ga inda hankalina ya tafi. Ina wanke kwanuka sai in tsinci kaina ina tunanin yarinya baƙa ita kaɗai a ƙauyenmu cikin duhun watan Disamba, ba ta jin harshen kowa.

Kuskurena na farko, na gaya wa ƙanena Torfi. Shi murna ya yi, kuma murnar tasa ta fi ƙarfina. Kashegari duk wanda ya shiga tafkin ruwan zafi na unguwarsu sai da ya ji. Yanzu cewa yake yi, "Ai shi ya sa kiɗa ke shiga jikina, Yaya." Mutumin da a bikin aurensa ya taka ƙafar amarya har sai da ta zauna. Har ya fara zancen buga riguna masu taswirar Afirka a raba a taron. Na ce masa in ya kuskura zan gaya wa matarsa abin da ya sami motarta bara.

Kuskure na biyu ya fi muni. Ni da Verna muka saba, kusan kullum sai mun yi hira a waya. Mace ce mai ban dariya, tana kirana ƙanwata ta cikin firiji. Rannan daɗin hira ya kwashe ni na ce mata ta zo taron dangi. Na ɗauka za ta ce to, wata rana. Sai kawai ta sayi tikiti. Tana ta tambayata ko rigar sanyi ɗaya za ta isa, kuma ta ce za ta kawo yaji don ta ga hoton abincinmu ta tausaya mana. Ba ta san cewa ban da mijina da Torfi da 'yata babu wanda ya san da zamanta a danginmu ba.

Na yi ƙoƙarin gaya wa Inna Begga. Na soya fanke na kai mata, muka zauna da kofi, na fara da zancen gwajin. Ko rabi ban kai ba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Marta ba ta buƙatar kwalbar yawu, 'yar nan. Kakata ta sha wuya kafin ta samo mana Sifaniya." Daga nan ta tambaye ni ko na sa gishiri a fanken, don ita ba ta ji ba. Bana ni ta ɗora wa jawabin taron, inda ake ba da labarin Marta, ta ce ƙafafunta ba sa ɗaukar tsayuwa.

Mijina ya ce in bari har tsohuwa ta kwanta dama, in gabatar da Verna a matsayin ƙawata. 'Yata ta ce in tashi a gaban kowa in faɗi komai, wanda zai ji haushi ya ji. Ni kuma wani lokaci sai in ji kunya ta kama ni, in ce wace ce ni, farar mace mai gida da mota, da zan tsaya ina cewa kakata baiwa ce, alhali wataƙila jinin wanda ya mallake ta ma yana jikina? Ba na so in karya zuciyar Inna Begga, ba na so in kunyata Verna, kuma ba zan iya tsayawa in sake ba da labarin kyaftin ba. Yaya zan yi?

Jikar Marta, Reykjavik

*

Jikar Marta,

Ki fara da Verna, kuma yau. Ita ce ta fi kowa shiga hatsari a wannan lamari, kuma ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ki kira ta ki ce kin yi gaggawa, dangi ba su da labari tukuna, kuma akwai tsohuwa da kike lallaɓawa. Macen da ta yi shekaru tana karɓar haihuwa ta ga rikicin dangi iri-iri, naku ba zai firgita ta ba. Amma haƙƙinta ne ta san irin ɗakin da za ta shiga kafin ta shiga. Shawarar mijinki ki ajiye ta. Kirki ne ya sa ya ba da ita, sai dai ba a ɗauko 'yar'uwa daga wancan ƙetaren teku a ce mata ta ɓoye zumuncinta a bakin ƙofa. Ta 'yarki ma ba ta yi ba. Verna baƙuwa ce, ba shaida ba ce da za a fito da ita a tsakiyar taro don a kayar da tsohuwa.

Yanzu Inna Begga. Ki sake karanta abin da ta ce miki. Ba ta ce gwajin ƙarya ne ba. Cewa ta yi kakarta ta samo muku Sifaniya. Abin da mutum ya gada ba a cewa an samo masa shi. Ina kyautata zaton ta sani, ko ta daɗe tana zargi, kuma ba na jin banza ta ɗora miki jawabin bana. Ki tuna zamanin da kakarta ta rayu, da irin abin da yara ke jefa wa mai nannaɗaɗɗen gashi a filin makaranta a ƙaramin ƙauye. Wata uwa ta duba 'ya'yanta ta ɗinka musu labarin da zai kare su. Ba gaskiya ba ne, kuma ya shafe ainihin abin da ya sami Marta, wannan asara ce babba. Amma ba don mugunta aka ƙirƙire shi ba, kada ki je wa Inna Begga kamar mai kama ɓarawo.

Ki koma wurinta ke kaɗai, tun kafin taron. Kada ki ɗauki sakamakon gwaji. Ki ce, Inna, wace wuya ce kakarki ta sha? Sai ki yi shiru ki bar ta. In ta buɗe baki, ki gaya mata cewa Marta tana da yaya, kuma can ma ba su daina sa sunanta ba. Mai son zuriya irin Inna Begga, a ce mata an gano mata reshe guda da ba ta sani ba, da wuya ta iya daurewa ba ta tambayi sunayensu ba. In kuma ta rufe ƙofa, ki faɗa mata cikin ladabi cewa Verna na zuwa, kuma ba za ki ba da labarin kyaftin ba. Ba izini kike nema ba, girmamawa ce, don kada ta ji a bakin wani. Mayafinta da shinkafarta da Tenerife kuwa nata ne, ba wanda ya ce ta bari.

Torfi ki hana shi rigunan, amma kada ki tsananta masa. Mutumin da ya ji kakarsa baiwa ce ya yi murna maimakon ya ɓoye fuska, zuciyarsa na wuri mai kyau, bakinsa ne ke gudu. Ki nuna masa cewa abin da dangin Verna suka ɗanɗana bayan tafiyar Marta, ku ba ku ɗanɗana ba, kuma zancen kiɗa a jiki ba yabo ba ne. Ki ba shi aikin ɗauko kaya da tuƙa mota.

Game da ɗan kasuwar, ba ki da tabbas, saboda haka ki ce ba a sani ba. Amma kada ki sa masa sukari. Yarinyar da aka mallaka ba ta da bakin cewa a'a. In jininsa na jikinki, laifinsa bai biyo ki ba, kuma bai rage miki komai daga kasancewa jikar Marta ba. Ba kya buƙatar ki yi da'awar wahalar kowa kafin ki faɗi gaskiyar kakarki.

Jawabin ki yi shi gajere. Inda aka haife ta, yadda aka kawo ta, yadda ta rayu ta tara wannan jama'a da ke zaune. Ki tambayi Verna tun da wuri ko tana so ta yi magana. In ba ta so, a bar ta ta ci abinci kamar kowa. Wasu za su ɓata rai, wani kawu zai faɗi abin da bai dace ba, wannan kam ki sa a ranki. Zai wuce.

Kafin duk wannan hayaniya, ke da Verna ku je maƙabartar ƙauyen, ko da ba a san takamaiman kabarin ba. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan babu wanda ya zo daga gida ya duba yarinyar nan. Ga wata tana tafe. Ki je ki tarbe ta a filin jirgi da rigar ulu mai kauri.

Ina yi muku fatan rana mai haske da taro lafiya, ki gaishe mini da Inna Begga.

Solveig