Na Kashe Mai Rai a Takardar Likita

Salamu alaikum, ɗiyata mai wannan filin shawara, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa takardata a layi, domin maganar nan tana da wa'adi, wata biyu ne ko ma bai kai ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Ban taɓa zama a aji ba, a bayan kwalayen batir na koyi haɗa baƙaƙe, kuma wannan ba magana ce da zan ba wani ya rubuta mini ba.

Ni mai gyaran agogo ne. Shekara hamsin da huɗu ina zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota, teburi ɗaya, gilashi a ido ɗaya. Yanzu kowa waya yake dubawa in yana son sanin lokaci, amma ban tashi ba, kuma ba zan tashi ba. Shekarata saba'in da takwas. A danginmu wurina ake zuwa in an rikice: wa ya girmi wa, wace ce ta haifi wane, a wace shekara rufin ɗakin kaka ya rufta. 'Ya'yana suna ce mini Rediyo, wai in na kama tarihi sai an cire batir.

Wata uku da suka wuce ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga ƙwauri har cinya, ga zafi kamar an dafa ta. Na ce sanyi ne, na yi kwana huɗu ina shafa man zafi. Babban ɗana ya zo ya cusa ni a mota ina faɗa ina kumfar baki, ya kai ni asibitin koyarwa. Suka shafa mini wani abu mai yauƙi, suka bi ƙafar da na'ura, sai ga cikin jijiyata a allo! Likita ta nuna mini wani dunƙule, ta ce jini ne ya daskare ya toshe hanya, in ya ɓalle ya tafi huhu sai dai a ji labari. Aka ɗora ni a kan ƙwayar tsinka jini, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

To, ga inda daɗin yake. Likitar nan, mai tabarau, ba ta ma kai autata ba, ta tambaye ni ko an taɓa yin irin wannan a danginmu. Ɗana ya dafe kai, don ya san abin da ta tono. Na gyara kwanciya na fara. Kawuna direban babbar mota, wanda ya sauko bayan tafiyar kwana biyu, ya dafe ƙirji ya faɗi a gaban mai faci. Goggon mahaifiyata da ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya har ta mutu, ana ce mata Mai Turmi. 'Yar ƙanen mahaifiyata da ta yi ɓari huɗu a jere. Yayata da ta rasu kwana tara bayan haihuwa. Na faɗi shekara, na faɗi ƙafar, dama ce ko hagu. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Kin san me ta yi? Ba ta yi hamma ba, ba ta duba waya ba. Ta fita da gudu ta dawo da ogansu, wani farfesa mai saiƙo! Ashe bincike suke yi a kan gidajen da jininsu ke saurin daskarewa, wai a wasu dangin gado ake yi kamar yadda ake gadon tsawo. Farfesa ya ce wani jinin saurin daskarewa yake, wani kuma in ya fara zuba ba ya son tsayawa, su kuma tsakiya suke nema. Na ce masa ai wannan aikina ne, agogo mai gudu da agogo mai nawa, duk ɗan ƙarfe ɗaya ake matsawa, kuma in hannu ya zarce an ɓata. Ya yi dariya har ya buga teburi. Ya ba ni labarin allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa in aka kai mutum cikin awannin farko. Na tuna mahaifina, shekara shida ɓarin jikinsa a shanye, ni nake juya shi. Na kau da kai don kada su ga idona.

Sau uku suna kirana. Ɗaki mai sanyi, doguwar takarda a shimfiɗe, ni a kan teburi, masu manyan digiri suna rubuta abin da ke fita daga bakina. Namiji su zana masa akwati, mace su zana mata da'ira, wanda ya mutu su ja layi su soke shi. Mutum sittin da uku na ba su! Sha huɗu daga cikin dangi sun je an ɗebi jininsu, an sami abin a jikin biyar. Har da wata jikar ƙanena da za a yi wa aiki, aka sake mata shiri saboda maganata. Masu cewa a cire batir yanzu su ne ke bugo waya suna tambayar wace ƙafa ce ta Mai Turmi. Wallahi ɗiyata, ban taɓa jin ina da amfani irin na waɗannan watannin ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. A cikin sittin da ukun nan akwai ƙarya ɗaya.

Da yayata ta rasu ta bar jaririya. Uban ya riga ya tafi neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A makon nan maƙwabciyarmu, mai ɗinki, ta haihu ɗan bai zo da rai ba, kuma aka ce ba za ta sake haihuwa ba. Mahaifiyata ta naɗe jaririyar ta kai mata, bayan wata ɗaya su mai ɗinkin suka tashi daga unguwar, aka gaya wa dangi yarinya ta bi uwarta. Ni na riƙe ƙofa a ranar. Mahaifiyata ta sa na rantse ba zan faɗa ba har ƙasa ta rufe mini ido. Shekara hamsin da shida ban faɗa ba, ko matata ta mutu ba ta sani ba. Da likita ta tambaye ni jaririyar fa, na ce ta mutu. Ina kallo ta zana 'yar da'ira, ta ja layi ta soke ta.

Jaririyar nan tana nan da ranta, ta zama babbar mace. Shugabar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Baba Mai Agogo take kirana, ta ɗauka ni tsohon maƙwabcin iyayenta ne kawai, ba ta san don ni kawunta ne nake canza mata batir ina ƙin karɓar komai ba. Mai ɗinkin ma tana raye, ta haura tamanin, a gidan Malama take. Ita kuma Malama tana da ɗiya ɗaya, cikinta wata bakwai. Ranar da na je gaishe su na tarar da ita ta ɗora ƙafafu a kan kujera, wai sun kumbura. Haka yayata take zama.

Amma na samo dabara, kuma ita nake so ki duba mini! Tunda ƙwayata jini take tsinkawa, na daina shan ta yamma, ina tarawa a gwangwanin da nake zuba ƙananan sukurori. Sha ɗaya ke nan. In sun kai ashirin zan kai wa yarinyar in ce maganin kumburi ne, ba ta musu da ni. Kin ga ta tsira, rantsuwata tana nan, babu zuciyar da ta karye. Kada ki ce in karya rantsuwa, ban taɓa cin amana ba, kuma ba a tsufa zan fara ba. Abin da ban sani ba, guda za ta riƙa sha ko rabi?

Naki,
Tsoho Mai Agogo

*

Baba, na amsa sallamarka, kuma na tsallake da takardarka gaban layi kamar yadda ka nema. Amsar tambayarka ta ƙarshe: ba guda ba, ba rabi ba, ko ƙurar ƙwayar kada ta taɓa harshenta. Irin waɗannan ƙwayoyin da yawansu ba a ba mai ciki, suna iya taɓa abin da ke cikinta, suna kuma iya sa jini ya ƙi tsayawa ranar haihuwa. Mai cikin da ke bukatar kariya wata allura ce daban ake yi mata, da awo, likita yana bibiya. Kai kuma kwana sha ɗaya ke nan kana tafiya da rabin magani alhali ga gudan jini a ƙafarka. Yau ɗin nan ka koma shan sa yadda aka rubuta, kada ka haɗa waɗanda ka tara ka shanye, gobe ka kai wa likitarka gwangwanin ka gaya mata abin da ka yi. Za ta yi faɗa. Ka jure, ka ci faɗan.

Ina taya ka murna da gaske. Mutum biyar sun san abin da ke jininsu saboda kanka ya riƙe abin da ba a rubuta a ko'ina ba. To a wannan zaman na gobe ka ce wa likitar ta goge layin da ta ja a kan 'yar da'irar. Likita ba ta fitar da sirri, kuma lissafin da aka gina a kan ƙarya ɗaya yana iya karkata su.

Sauran maganar ta fi nauyi, kuma ban raina rantsuwarka ba. Mutumin da ya riƙe baki shekara hamsin da shida ba a yi masa wa'azin amana. Na kuma san abin da faɗar za ta jawo. Tsohuwa za ta ji tsoron a ƙwace mata ɗiya a ƙarshen rayuwa, Malama za ta iya yin fushi da ku duka, ta daɗe ba ta huce ba. Wannan gaskiya ne. Amma mahaifiyarka ta rantsar da kai ne don jaririya ta rayu cikin kwanciyar hankali, ba ta san wata rana shirun zai tsaya tsakanin jinin ɗiyarta da likita ba. Maganar kaffarar rantsuwa ka kai wa malamin da ka yarda da shi, ba sai ka ambaci kowa ba.

Ka fara da mai ɗinkin, kai da ita kaɗai. Ka gaya mata abin da asibiti ya gano, ka roƙe ta maganar ta fito daga bakinta, kana zaune a gefe. Ka ba ta kwana uku, ba mako uku ba. In ta kasa, kai ka faɗa wa Malama. Likitan da ke duba mai cikin dole ya sani, tun kafin ranar haihuwa, yadda kakarta ta jini, wato yayarka, ta rasu, domin haɗarin ya fi yawa a ƙarshen ciki da makonnin da ke biyo baya.

Kada ka firgita su. Ba kowa ke gado ba, mai yiwuwa a gwada a ga babu komai, kuma kumburin ƙafa biyu abu ne da masu ciki suka saba da shi. Amma in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ko ta yi zafi da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, a tafi asibiti a take, ba a jira kowa ba. Wannan kam ka faɗa musu tun yau, ba ya bukatar ka tona komai.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ƙara maka lafiyar ƙafa, ya sanyaya zukatan da za su ji nauyin maganar nan. Ya kuma nuna maka ranar da Malama za ta buɗe baki ta kira ka Kawu.