Eriyar da Aka Kafa a Rufin Maƙwabta

Abidjan, Talata 9 ga Mayu

'Yata Afiwa,

Ina gaishe ki da maigidanki da mutanen Aneho. Yau kumburin ƙafata ya ɗan saɓe, har na ci aceke, dambun rogon nan, rabin faranti.

Kada ki zaci ni nake katse kiranki na ranar Lahadi. Kamfanin waya ne ya kafa eriya a rufin maƙwabta, tana bin zangon rediyon da ba na kowa ba ne, wanda wai-fai ɗina na intanet yake bi, shi ya sa kiran yake katsewa. Shekara talatin na yi a ɗakin rediyon tashar jiragen ruwa, inda aka koya mana mu saurara, in layi shiru ne sannan mu yi magana. An ce eriyar ma tana saurarawa. Ƙila muryar na'urata ce ta yi ƙasa, kamar ta mai ita.

Maƙwabciyata Tanti Ahou ta ce, "Papa Togo, wannan akwatin wai-fai ɗin naka ai ya girme ni! Bari ƙanena ya zo yau ya duba shi."

Ki aiko min hoton jaririnki a takarda, don a kiran bidiyo fuskarsa daskarewa take yi kafin in gan ta sosai. Allah ya raya shi.

Babanki,
Kossi

Tun hantsi na fito da kujeru biyu. Rana ta faɗi ƙanen Tanti Ahou bai zo ba, na mayar da ɗaya ciki.