Na saci tambarin mahaifina na sa a wuƙaƙena

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kunya ta hana ni sakat.

Ni ɗan maƙeri ne a Azare, shekaruna talatin da huɗu. Mahaifina yana da tambarin da yake bugawa a jikin wuƙa kusa da ƙota, kamar sawun zabo, mahauta daga nan har Katagum da Jama'are in sun ga sawun nan ba sa ma gwada kaifi. Ƙarfen tambarin kuwa a aljihunsa yake kwana. Tun ina yaro nake ƙira a gabansa, amma in na gama wuƙa sai ya ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera, ya kasa kunne, ya miƙo min ya ce da saura. Ga mata ga 'ya'ya biyu, kullum da saura. Abin yana ci min rai, ba zan ɓoye muku ba.

Sai na ga wani bidiyo a waya, yadda ake sa tambari ba tare da bugu ba. Ka shafa jan farce a ƙarfen, ka zana da allura, ka jiƙa auduga da ruwan gishiri ka haɗa da batir, sai zanen ya ci ƙarfen. Jan farcen matata na ɗauka. Na zana sawun zabo a wuƙaƙena guda tara, na kai kasuwar Katagum a matsayin aikin Baba, kafin azahar suka ƙare. Ranar har daɗi na ji, ina ganin ashe tsohon nan tsaurin ra'ayi ne kawai.

Bayan sati uku wani mahauci ya zo maƙera ransa a ɓace. An kira shi yankan ragon suna, yana tsakiyar yanka wuƙar ta karye daga gindi, dabba na shure-shure ana gudun neman wata wuƙar, har aka yi ta gardama ko naman ya halatta. A gaban mutane ya ce wa Baba in hannunsa ya gaji ya huta. Baba ya karɓi guntun, ya shafa tambarin da babban yatsa. Nasa yana da zurfi, nawa sumul yake. Ina tsaye da awartaki a hannu ina kallo. Sai Baba ya ce aikinsa ne, a yi haƙuri, ya ɗauko sabuwa ya ba mutumin.

Tun ranar bai ƙara hura wuta ba. Maganar ta zaga wajen mahauta cewa tsohon ya fara ha'inci, mutumin da bai taɓa sayar da abin da bai yarda da shi ba. Ni kuwa bai ce min uffan ba, gaisuwa ma yana amsawa kamar da, har na fara yaudarar kaina cewa bai gane ba.

Jiya da muka dawo daga masallacin Juma'a ya kira ni zaure, ya ciro ƙarfen tambarin ya sa min a hannu, ya ce, "Ungo. Wannan ba ya buƙatar gishiri." Ya tashi ya shige gida.

Yanzu in na je wajen mahauta na faɗi gaskiya, sunansa zai wanku, amma na tona abin da shi ya zaɓi ya rufe, kuma ba wanda zai ƙara sayen wuƙar da ta fito daga hannuna. In na yi shiru, zai ƙarasa rayuwarsa ana masa kallon maha'inci saboda ni. Ga sauran takwas ɗin suna hannun mutane, ban san ranar da wata za ta karye ba.

'Yan uwa, in je in faɗa ko in bar shi a yadda ya rufe? Ƙarfen yana aljihuna tun jiya, ko kallonsa na kasa yi.